Amsoshin Tambayoyinku: Saɓanin Mabiya Buda kan Ka'idojin Ɗabi'a

Wani mai sauraro daga Talata Mafara ya nemi sanin ko mabiya addinin Buda sun haɗu a kan fassara ɗaya ga ka'idojinsu na ɗabi'a.

Ka'idoji biyar ne kowane mabiyi yake ɗaukar wa kansa alkawarin kiyayewa, wato barin kashe mai rai, da sata, da alfasha, da ƙarya, da shan abin maye, kuma babu saɓani kan lafazinsu. A wajen aiki da su ne malamansu suka rarrabu, kamar yadda mazhabobin fiƙihu kan bambanta a kan nassi guda. Batun nama ya fi fito da wannan fili. A tafarkin Terabada, wanda ya yi rinjaye a Siri Lanka da Tailan da Miyanma, inda sufayen da suka bar gida suke bin dokoki 227, an yarje wa sufi ya ci naman da aka ba shi sadaka, muddin bai gani ba, bai ji ba, bai kuma yi zaton dominsa aka yanka dabbar ba. Sufayen Sin kuwa, mabiya tafarkin Mahayana, sun bar nama gaba ɗaya, musamman tun zamanin Sarki Wu na daular Liang a ƙarni na 6, domin a ganinsu tausayi bai tsaya ga mai riƙe wuƙa ba.

Japan ce ta fi sassauci, domin a shekarar 1872 gwamnatin Meiji ta halatta wa sufaye cin nama da yin aure.