Neman Abinci Mai Kyau A Garin Baƙunta: Darasi Daga Birnin Garnaɗa

 

Wani ɗan'uwa mai shirin ziyartar ƙasar Sifen ya aiko yana tambaya: in ya isa birnin Garnaɗa, yana so ya kai iyalinsa babban gidan cin abinci irin na alfarma, yaya zai yi ya ci mai daɗi ba tare da ya ci haram ba? Tambaya ce mai kyau, domin Shari'a ba ta hana mutum jin daɗin ci ba. Alƙur'ani ya haɗa halal da daɗɗaɗa wuri guda a aya ta 168 ta Suratul Baƙara, ya kuma hana ɓarna a Suratul A'araf.

Garnaɗa ba baƙuwar malamanmu ba ce. Ita ce daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wadda ta faɗi a 1492, kuma ita ce garin Alƙali Ibn Asim, mai Tuhfatul Hukkam da ake karantawa a zaurukanmu. A yau jama'a daga ko'ina suna tururuwa don ganin fadar Alhamra. To, amma mai ziyara ya sani girkin garin ya daɗe da sauyawa. Naman alade busasshe, wanda suke kira hamon, shi ne abin alfaharinsu, za ka gan shi rataye cinya-cinya a ƙofar shaguna. Wannan mai sauƙi ne, ido na ganinsa. Inda aikin yake shi ne abin da ke ɓoye cikin tukunya.

Ga misali. Ana kawo miyar tumatir mai sanyi da ake kira salmoreho, ba komai cikinta sai tumatir da burodi da tafarnuwa da man zaitun, amma bisa al'ada sai an barbaɗa mata ƙwai da yankakken hamon. Farfesun wutsiyar sa kuwa da jar giya ake dafa shi. Wasu kayan zaƙi, kamar mantekado, da kitsen alade ake kwaɓa su. Kuma gwargwadon tsadar gidan abinci, gwargwadon yadda romo da miya ke da sarƙaƙiya. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2014 ta wajabta a bayyana abubuwa 14 masu tayar wa wasu mutane rashin lafiya, irin su gyaɗa da ƙwai da madara, sai dai alade ba ya cikinsu. Saboda haka takardar jerin abinci ba ta wadatar ba, sai an buɗe baki an tambaya: da wane kitse aka soya, da me aka haɗa romon, an zuba giya ko ba a zuba ba. Masu cewa wuta na ƙone giya duka ba su faɗi daidai ba, wani abu nata yakan saura, kuma a mazhabarmu giya najasa ce, in ta shiga miya ta ɓata ta.

Sai batun yanka, inda malamai suka yi dogon bayani. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, malaman tafsiri kuwa suka ce yankansu ake nufi. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, mutumin Ishbiliya da ya rasu a 1148, ya yalwata ƙwarai a littafinsa Ahkamul Ƙur'an, har ya halatta kazar da Banasare ya murɗe wa wuya in dai su suna ɗaukarta abincinsu. Jumhurun malamai ba su bi shi a kan wannan ba, suka ce abin da zai zama mushe a hannun Musulmi mushe ne a hannun waninsa. A mayankan Turai akan sumar da dabba kafin a sa mata wuƙa. In ta suma kawai aka yanka ta da ranta, da sauƙi. In bugun ne ya kashe ta, ta shiga cikin waɗanda aya ta 3 ta wannan Surar ta haramta. Baƙon kwana uku ba shi da hanyar bin diddigin wannan. A ganina, tun da akwai mafita kusa, ba dalilin da zai sa ya jefa kansa cikin shubuha.

Mafitar kuwa biyu ce. Ta farko kifi da sauran dabbobin ruwa, waɗanda a wurin Imam Malik halal ne ba sai an yanka ba, ko da yake Hanafawa sun taƙaita a kan kifi. Teku ba ta da nisa da Garnaɗa, kuma mutanen Andalus gwanaye ne wajen suyar kifi da man zaitun. Akwai ma wani kwaɗo nasu da ake kira remohon, na lemon zaƙi da kifi mai gishiri da albasa da zaitun, wanda ko a teburin sarki ba zai ji kunya ba. Ta biyu ita ce gidajen abincin Musulmi, galibi na mutanen Maroko, da ke gangaren unguwar Albaisin. A saman unguwar ne Babban Masallacin Garnaɗa yake, wanda aka buɗe a 2003, yana fuskantar Alhamra. Mutum ya yi sallah a can ya tambayi masallata, sun fi kowane littafin jagora sanin inda ake yanka na gaskiya, domin rubuta halal a allo ba ya wuyar kowa.

Game da kwanuka, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Sa'alaba al-Khushani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka umurce shi da ya nemi wasu in akwai, in babu ya wanke ya ci. Faranti wankakke ba matsala. Abin lura shi ne kaskon suya da ake gasa kifi da alade a kai ba tare da an wanke ba.

Saura tebur. Tirmizi ya ruwaito hanin zama a teburin da ake zagayawa da giya. Malamai da yawa sun fahimci teburinka ake nufi, ba na maƙwabcinka ba, ko da yake nisanta ya fi. In ma'aikaci ya kawo jerin giya, a mayar masa cikin fara'a, a nemi ruwa ko ruwan lemo. Sa'an nan a tuna mutanen Sifen ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe 9, don haka wanda ya kama wuri tun da rana yana da sararin yin Magariba kafin ya zauna, in ba tsakiyar bazararsu ba ne, lokacin da rana kan kai har bayan ƙarfe 9 ba ta faɗi ba.