Darasin Fiziks a Kan Teburin Sunuka: Sirrin Farar Ƙwallo

Filinmu na kimiyya na wannan mako ya leƙa teburin sunuka, wasan da ya samu karɓuwa wurin matasa a nan Kusada da Kankiya da sauran garuruwan jihar Katsina. Sau da yawa za ka ji gwani ya je baƙon tebur ya kasa, ya dawo yana cewa hannunsa ne bai tashi ba. Wani lokaci kuwa hannun lafiyarsa ƙalau, farar ƙwallon ce ta bambanta da wadda ya saba da ita. Bayanin wannan yana cikin darasin karo da ƙarfin tafiya da ake koya mana a fiziks, wanda kuma yakan fito a jarrabawar WAEC da NECO.

Sunuka ko pul?

Sunuka ta asali sojojin Ingila ne suka ƙirƙiro ta a garin Jabalfur na ƙasar Indiya a shekarar 1875. Ana yin ta da jajayen ƙwallaye 15, da masu launi 6, da fara ɗaya, kowace faɗinta milimita 52.5. Wasan da ake raba ƙwallaye bakwai-bakwai, a bar baƙa ta zama ta ƙarshe, sunansa pul, ko da yake mu duka sunuka muke ce musu. A pul irin na Amurka faɗin ƙwallo milimita 57.15 ne, nauyinta kuma tsakanin giram 156 da 170, kuma doka ta ce fara ta yi daidai da sauran. A pul irin na Ingila, mai ja da rawaya, ƙwallaye milimita 50.8 ne, fara kuma 47.6, wato ta fi su ƙanƙanta.

Dalilin wannan bambanci kasuwanci ne. A teburin da ake jefa kwabo kafin a yi wasa, duk ƙwallon da ta faɗa rami a kulle take sai an sake biya, amma dole fara ta dawo wa ɗan wasa. Sai masu ƙera tebur suka nemi hanyar da tebur zai gane ta. A Ingila suka rage mata girma don ta zurare ta wata kafa. A Amurka wasu suka ƙara mata girma zuwa milimita 60.3, wasu kuma suka sa mata ƙarfe a ciki don maganaɗisu ya janye ta gefe. Ban da wannan, fara ce ta fi shan duka, don haka takan side da daɗewa. In kuma ta ɓata, mai tebur yakan maye gurbinta da wadda ya samu.

Ƙaramin bambanci, babban tasiri

Milimita uku ba wani abu ba ne a ido. Amma nauyin ƙwallo yana tafiya ne da faɗinta sau faɗinta sau faɗinta. Mu raba 47.6 da 50.8, mu ninka amsar da kanta sau uku, za mu samu kusan 0.82. Ke nan ƙaramar farar ta gaza sauran nauyi da kusan kashi 18 cikin ɗari, muddin da abu ɗaya aka yi su. Haka mai milimita 60.3 ta fi 'yan'uwanta da kusan kashi 17 cikin ɗari.

Abin da ke faruwa idan an yi karo

Ƙarfin tafiya, wanda malaman fiziks ke kira momentom, shi ne nauyin abu a ninka da gudunsa. Dokar da ta fito daga aikin Isaac Newton na shekarar 1687 ta nuna cewa jimillar ƙarfin tafiya kafin karo daidai take da jimillarsa bayan karo. Mu ɗauka fara ta doki ja a tsakiyarta sak, tana zamewa ba tare da juyi ba. Abu uku ne zai iya faruwa.

Na ɗaya, in nauyinsu ɗaya ne, fara za ta tsaya cik, ja ta tafi da gudun gaba ɗaya.

Na biyu, in fara ta fi nauyi, ba za ta tsaya ba, za ta bi bayan ja. Misali, fara mai giram 200 tana gudun mita 1.8 a daƙiƙa, ta doki ja mai giram 160. Ƙarfin tafiya kafin karo 200 sau 1.8, wato 360. Bayan karo ja za ta tafi da mita 2, fara ta biyo da mita 0.2. Mu gwada: 160 sau 2 ya ba da 320, 200 sau 0.2 ya ba da 40, jimilla 360. Ba abin da ya ɓace.

Na uku, in fara ta fi sauƙi, za ta ɗan dawo baya. Shi ya sa jawo fara baya, ta hanyar dukanta a ƙasan tsakiya, yake da sauƙi da ƙaramar ƙwallo, yake kuma da wuya da babba.

Akwai kuma karon gefe. In nauyi ɗaya ne kuma fara ba ta juyi, hanyoyin ƙwallayen biyu sukan rabu da kusurwar digiri 90. Da wannan gwanaye ke sanin inda fara za ta nufa don kada ta faɗa rami. In fara ta fi nauyi kusurwar ba za ta kai 90 ba, in ta fi sauƙi za ta wuce. Saiti ma yana canjawa, domin tazarar da ke tsakanin cibiyoyin ƙwallayen a lokacin karo ita ce rabin faɗin wannan a haɗa da rabin faɗin waccan. Masana ba su raina wannan wasa ba: wani Bafaranshe, Gaspard Coriolis, ya rubuta littafi guda a kan lissafinsa a shekarar 1835.

Mu gwada da kanmu

Ba sai mun je wurin tebur ba. A samo murafen kwalba uku iri ɗaya, a cika ɗaya da laka a bari ta bushe. A kan benci mai santsi, a ɗana marfi marar komai a ɗan'uwansa, za a ga ya tsaya ko ya kusa tsayawa. A ɗana mai lakar a marar komai, za a ga ya bi shi. A juya, a ɗana marar komai a mai lakar, za a ga ya ja da baya. A maimaita kowane sau goma a rubuta abin da aka gani.

Jan hankali

Wasa na da lokacinsa. Ɗalibin da ya bar aji ya tafi bakin tebur, ko ya sa kuɗin makaranta a caca, ya cuci kansa da iyayensa. Wanda ya zauna ya fahimci darasin nan kuwa ya samu maki a jarrabawa, ya kuma san dalilin abin da idonsa ke gani.

Tambayar mako

Fara mai giram 120 tana gudun mita 1.4 a daƙiƙa, ta doki ja mai giram 160 a tsakiya sak. Bayan karo ja ta tafi da mita 1.2 a daƙiƙa. Nawa ne gudun fara, kuma ina ta nufa? A rubuta amsa tare da suna da aji a miƙa wa sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a. Sunayen waɗanda suka dace za su fito a wannan allo mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.