Filin Shawara: Ina Horar Da Su, Wasu Na Kwashewa

 Ni ce mai kula da ɗaukar ma'aikata a wani ƙaramin banki da ke ba 'yan kasuwa rance a Kano. Duk lokacin da muka yi tallar gurbi, takardun neman aiki sai sun cika kwali, amma in aka zauna tantancewa da ƙyar mu samu mutum biyu da za a iya damƙa wa aiki. Wanda ya san kan kwamfutocinmu ya tafi Ingila. Yarinyar da na koya wa bibiyar rance da hannuna, wani babban banki ya ɗauke ta. Ga masu hannun jari kowa da ɗan da yake son a cusa, manaja kuma ni yake ɗora wa laifi. Barci ya fara gagarata. Yaya zan yi?

Ƙanwarki daga Kano

To, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai abin ya shafa ba. Ki tuna farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jefa mutane cikin ƙarancin kuɗi: kowa ya koma tura kuɗi ta waya, manhajojin manyan bankuna suka riƙa tsayawa, jama'a suka kwarara zuwa OPay da Moniepoint. Cikin dalilan da aka yi ta ambatawa a lokacin har da ficewar ƙwararrun masu kwamfuta zuwa ƙasashen waje. In manya sun ji jiki haka, ƙaramin banki ba zai tsira ba.

Amma zan gaya miki inda nake ganin gyaran yake. Kuna neman wanda ya riga ya gama ƙwarewa, alhali irin wannan ba ku da kuɗin riƙe shi. Ku nemi mai kaifin basira da amana, ku koya masa sauran.

Ki ɗauko tallar da kuka saba bugawa ki sake karanta ta. Na san za ki tarar da sharaɗin nan da bankuna suka gada daga junansu: kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27, kuma sai mai digiri mai daraja ta sama. Yajin aikin ASUU na 2020 da na 2022 kaɗai sun cinye wa ɗalibai kusan shekara ɗaya da rabi, ga jiran bautar ƙasa. Yaron da ya fito yana da shekara 29 ba shi ya jawo ba. Ki cire sharaɗin, ki buɗe wa masu HND ƙofa, da matan da suka bar aiki saboda aure ko goyo kuma suke son dawowa. Waɗannan matan sun san kanta, sun san kwastoma, kuma ba su cika tsalle daga nan zuwa can ba.

Sannan ki leƙa kasuwa. A Kantin Kwari za ki ga yarinya a ƙarƙashin laima da na'urar POS, tana sallamar mutane tun safe, ana gardama kan kuɗin da aka cire bai shiga ba tana lallashi, da magariba ta buɗe littafinta ta daidaita lissafi har naira ɗaya. Rabin aikin da kike nema ke nan, kuma da Hausa take yin sa, harshen masu karɓar rancenku. Ga masu kwamfuta kuwa, ki nemi waɗanda suka fito daga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. In kuna da niyyar rancen da babu ruwa, Jami'ar Bayero tana da cibiyar koyar da harkar banki da kuɗi ta Musulunci. Ki je ki ƙulla da su tun yaran ba su gama ba, domin bankunan Jaiz da TAJ da Lotus su ma irin waɗannan yaran suke nema.

Batun alfarma, kada ki yi faɗa da kowa. Ki kai wa hukumar bankin takarda, su amince a rubuce cewa duk mai nema zai yi gwaji guda. Gwajin ya zama aiki: a ba shi bayanin asusun da aka ɓoye kuskure a ciki ya nemo, a sa wani ya zama kwastoma mai fushi a ga yadda zai tarbe shi. Ɗan Alhaji ya ci, madalla. Ya faɗi, sakamakon ne ya hana shi, ba ke ba.

Abin da ya fi damuna shi ne riƙon waɗanda aka samu, don zuba ruwa a kwando ba ya ƙarewa. Mutum ya shekara biyar yana ma'aikacin kwantiragi, ga tagat ɗin da ba ya cimmuwa, ba ƙarin girma, don me zai zauna? Ku tabbatar da wanda ya yi shekara yana aiki da kyau. Ku biya masa jarrabawar ƙwarewar aikin banki ta CIBN bisa yarjejeniyar zai yi muku shekara biyu, amma kada ku riƙe takardun makarantar kowa, wannan zalunci ne. Kuma kada aiki ya sake zama a kan mutum ɗaya: duk wanda ya iya abu, a haɗa shi da mataimaki, a rubuta yadda ake yi.

Wasu za su tafi duk da haka. Ki sallame su da mutunci, ki tambaye su dalili, ki rubuta. Wannan rubutun da lissafin abin da kowace tafiya ta jawo wa bankin za ki ajiye a gaban manaja. Ki yi hakan a wannan watan, sannan ki sake rubuto min in ji yadda kuka kwashe. Allah Ya dafa miki.