TAKARDAR RAGI: YADDA MUTANEN AMURKA KE RAGE KUƊIN CEFANE

A kasuwannin ƙasar Hausa mai saye yakan taya, mai kaya ya yi albarka, a yi ta ja har a sallama, sa'an nan a nemi gyara. A manyan kantunan Amurka ba a ciniki. Kowane kaya da kuɗinsa a rubuce, mai saye ya biya ko ya bari. Amma duk da haka akwai ragi, sai dai a rubuce yake zuwa, a wata 'yar takarda da suke kira kupon. Asalin kalmar Faransanci ce, ma'anarta abin da aka yanko. Wanda ya miƙa ta wurin biya sai a rage masa abin da aka rubuta a kanta.

Kada a ɗauke ta ɗaya da takardun rabon abinci waɗanda Gwamnatin Ingila ta ba mutanenta daga 1940 zuwa 1954. Waɗancan don ƙayyade abin da mutum zai saya aka yi su, saboda ƙarancin da yaƙi ya jawo. Wannan kuwa 'yan kasuwa ke buga ta don a ƙara saye.

1. Asalinta

Kamfanin Coca-Cola na birnin Atlanta shi ya fara shahara da ita, wajen 1887. A lokacin senti 5 ake sayar da kofi guda, sai aka riƙa raba takardu, wanda duk ya kai ɗaya kanti a ba shi kofi kyauta. An ƙiyasta daga 1894 zuwa 1913 an sha kofi 8,500,000 ta wannan hanya. Daga baya wani mai sana'ar abincin karin kumallo, C. W. Post, ya fito da takarda mai rage senti 1 a kan kayansa mai suna Grape-Nuts. Da kasuwa ta karye a 1929, mutane da yawa suka rasa aiki, sai yankan takardun nan ya zama al'ada a gidaje. A 1992 abin ya kai ƙarshen bunƙasa: an raba takardu wajen miliyan dubu 300, waɗanda aka kai kanti kuwa sun ɗara miliyan dubu 7. Watau a cikin ɗari, biyu ko uku kaɗai suka yi aiki. Tun daga sa'an nan waɗanda ake kaiwa kanti sun ragu ƙwarai.

2. Yadda take aiki

Takardar iri biyu ce. Akwai ta kamfanin da ya yi kayan, akwai ta mai kanti. Idan ta kamfani ce, mai kanti ba ya hasarar kome. Yakan tara su ya aika, a biya shi abin da ya rage wa mai saye, a ƙara masa ladan wahala, galibi senti 8 a kan kowace takarda. Aikin ƙirgawa ya yi yawa, har a 1957 kamfanin Nielsen ya buɗe gida musamman a garin Clinton na jihar Ayowa don ƙirga su da daidaita biya. Idan ta mai kanti ce, daga ribarsa ragin ke fita. Kantuna da yawa sukan yarda a haɗa ta kamfani da ta kanti a kan kaya guda, nan ne babban ragi yake.

Kowace takarda tana da sharuɗɗa: ranar da za ta mutu, irin kayan, girmansa, da yawan da za a saya. A zamanin yanzu da yawa sun koma cikin wayar hannu da katin kanti. Ta katin nan ne mai kanti ke sanin duk abin da gida ke saye, ya riƙa aiko da ragin da zai ja shi.

3. Dalilin da ya sa ake bayarwa

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da kamfani ya rage kuɗin kayansa gaba ɗaya, da kowa ya sami ragin, har wanda bai nema ba. Da takarda kuwa sai mai haƙurin nema da yanka da ajiya kaɗai ke samu, mai hali wanda bai kula ba ya biya cikakke. Wannan shi ne aikin da ciniki ke yi a kasuwa: mai naci ya saya da sauƙi, mai gaggawa ya saya da tsada. Har wa yau kamfani yana so mutum ya ɗanɗana sabon kaya ya saba da shi, ya ci gaba da saye bayan ragi ya ƙare.

Mutane sun riƙe abin ƙwarai. A 1996 kamfanin Procter & Gamble ya gwada daina ba da takardu a biranen Bafalo da Rocesta da Sirakus na jihar Niyok. Jama'a suka yi ca, hukumar jihar ta shiga bincike. A 1997 kamfanin ya janye, shi da waɗansu kamfanoni suka yarda su biya dala miliyan 4.2, aka raba wa jama'a ta hanyar takardun ragi.

4. Inda riba take, da inda hasara take

A ce uwargida tana bukatar sabulun wanki. Na kamfani mai suna dala 4 ne, tana da takardar ragin senti 75, za ta biya dala 3 da senti 25. Kusa da shi ga wani mai aiki iri ɗaya, dala 2 da senti 80. Idan ta bi takarda ta yi hasarar senti 45, alhali tana murna ta ci riba. Idan kuma takardar ta ce sai an sayi biyu, gidan kuwa ɗaya yake bukata, to, an fitar da kuɗin da ba a yi niyya ba. In kayan mai lalacewa ne, hasara ta ninka.

Saboda haka masu hankalin cikinsu ke bin ƙa'idodi huɗu. Na fari, a rubuta abin da gida ke bukata tukuna, sa'an nan a duba ko akwai takardarsa. Na biyu, a gwada kuɗi bisa awo, kada girman kwali ya ruɗi ido. Na uku, a jira ranar da kanti ya karya kuɗin kayan, a ɗora takarda a kai. Na huɗu, a tara abin da ba ya lalacewa kaɗai, kamar sabulu da shinkafa da abincin gwangwani, a kuma lissafta kuɗin mota da lokacin da aka ɓata.

Ragi na gaskiya shi ne wanda ya sauka a kan abin da dā ma za a saya. Hakimi ko magatakarda da aka kawo wa labarin wani kamfani mai alkawarin ragi ko kyauta, da wannan ma'auni ya kamata ya auna kafin ya ba talakawa shawara.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin takardar kamfani da ta mai kanti?
2. Don me kamfani ya fi son ba da takarda bisa rage kuɗin kaya ga kowa?
3. Kaya na dala 5, takarda ta rage dala 1 in an sayi biyu. Wani irinsa dala 4 da senti 30 ne. Wanne ya fi sauƙi, kuma da nawa a kan guda biyu?