Faɗuwa Bakwai, Tashi Takwas: Darasin Juriya Daga Sin da Japan Zuwa Garo



Ranar da aka kafe sakamakon zangonmu na farko, sau uku na duba lambata a jikin allo, ko idona ne ke mini gizo. Ashe ba gizo ba ne. Kwas biyu na faɗi, lissafi da zanen gini. Ban tsaya jin ta'aziyyar kowa ba, na tattara jakata na hau mota daga Gwarzo zuwa gida Garo. Kwana biyu na yi na wuce Kano wurin kawuna da ke da shago a Kantin Kwari, da niyyar ni da boko sai dai a lahira.

A can ne wata rana ana sauke dilolin atamfa, rana ta take, 'yan dako sun jigata, sai na ji wani Basine da ke kawo wa su kawu kaya yana tafa hannu yana cewa, "Jiya-yo! Jiya-yo!" 'Yan dako suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce, "Wai shi wannan me ya faru jiya ne?" Da na tambaye shi, sai ya kwatanta mini da hannu kamar mai tsiyaya fetur a tankin babur. Daga nan na shiga bincike a waya, kalma ta kai ni ga kalma, daga Sinanci har na faɗa Japananci. Abin da na tsinta ne nake so mu duba tare, musamman yanzu da jarrabawa ta ƙarato, domin na san akwai masu shirin tattara jaka kamar yadda na yi.

Ƙara mai

Kalmar da na ji ana rubuta ta jiayou. Gaɓa biyu ce: jia na nufin ƙara, you na nufin mai. Wato "ƙara mai". Ita Sinawa ke faɗa wa ɗan wasa a fili, ita ake faɗa wa marar lafiya, ita kuma iyaye ke faɗa wa 'ya'yansu ranar gaokao, babbar jarrabawar shiga jami'a da miliyoyin ɗalibai ke zaunawa kowane watan Yuni. Ta yi yawo har fassararta ta Turanci ta shiga ƙamus na Oxford a 2018.

Mu ma muna da irinta. In mota ta doshi hawa, me fasinjoji ke ce wa direba? "Ba ta wuta!" Abin lura shi ne, wanda aka ce wa ya ƙara mai ba a ce injinsa ya buga ba. An yarda yana da lafiya, tanki ne ya yi ƙasa. Ni a lokacin na ɗauka injina ne ya buga, alhali gaskiyar magana ita ce ban buɗe littafin lissafi ba sai ana saura mako guda jarrabawa.

Takwararta a Japan ita ce ganbaru, wato dagewa har sai an ga abin da ya ture wa buzu naɗi. In za ka ƙarfafa wani sai ka ce ganbatte, shi kuma ya amsa da ganbarimasu, ma'ana "zan dage". Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta ranar 11 ga Maris 2011, wadda ta hallaka mutane sama da 15,000 a arewa maso gabashin Japan, kalmar da ta cika alluna da gidajen talabijin ita ce ganbaro, wato "mu dage". A lura da wannan "mu" ɗin, za mu dawo kanta.

Su ci suke yi, mu sha

Sinawa na da wata kalma, chi ku, wadda in aka fassara ta kai tsaye take nufin "cin ɗaci". In suka ce wane ya iya cin ɗaci, babban yabo ne, irin wanda ake yi wa wanda ake so a ɗauka aiki. Abin ya ba ni dariya da na gane cewa abin da su suke ci, mu sha muke yi. Muna shan wuya, muna shan wahala, har muna cewa sai an sha wuya akan sha daɗi.

Akwai labarin da suke kafa hujja da shi. A shekarar 494 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarkin ƙasar Wu mai suna Fuchai ya ci Sarkin Yue mai suna Goujian da yaƙi, har Goujian ya zama bara a fadar abokin gabarsa. Da aka sake shi ya koma gida, sai ya rataye maɗaciya a ɗakinsa, yana lasarta kafin ya ci abinci don kada daɗin sarauta ya mantar da shi wulaƙancin da ya sha. Ya shiga gyara noma da horar da mayaƙa. A shekarar 473, wato bayan shekara 21, ya ci ƙasar Wu. Daga nan aka sami karin maganar wo xin chang dan, kwanciya kan ƙirare da lasar maɗaciya.

Ramuwar gayya ba ita ce darasinmu a nan ba. Darasin shi ne mutumin bai ɓoye wa kansa faɗuwarsa ba. Da yawanmu in muka ga kariyoba sai mu ce malami ne ba ya sonmu, ko an ɓatar mana da takarda. Wani lokaci hakan na faruwa, kuma akwai hanyar kai ƙorafi. Amma sau da yawa laifin na cikin ɗakinmu. Ni da na dawo, na kwafi makin da na ci a lissafi na manna a bangon da nake kallo in na farka. Maɗaciyata ke nan.

Dutsen da ake zama a kai da dutsen da ake dafawa

Japanawa na cewa ishi no ue ni mo san nen: ko dutse ne, in ka shekara uku zaune a kansa zai yi ɗumi. Galibi ana faɗa wa sabon ɗan koyo ne da ke son guduwa daga wurin sana'a. Ku lissafa mana: karatun ND shekara biyu, aikin sanin makama shekara ɗaya. Uku cif. Kafin ka ce fannin nan ba naka ba ne, ka ba shi waɗannan shekarun.

Amma ni a ganina tamu ta fi tasu. Bahaushe ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Mai dafa dutse ba zama yake yi ba. Sai ya nemo itace, ya hura wuta, ya ƙara ruwa in ya ƙone, hayaƙi na shiga masa ido. Haƙurinsa aiki ne. Ya sha bamban da haƙurin jaki, wanda ake lafta wa kaya yau, a lafta masa gobe, bai san inda aka dosa ba. Ɗalibin da ya maimaita kwas sau uku da irin karatun da ya kayar da shi tun farko, ba dutse yake dafawa ba, tukunya ya ɗora a kan murhun da babu wuta.

Sinawa na da tasu ta dutse: shui di shi chuan, ɗigon ruwa kan huda dutse. Mu kuma muka ce da yayyafi kogi kan cika. Awa ɗaya kullum tun farkon zango ta fi kwana uku ba barci a ƙarshensa.

Tsohon da ya ce zai kawar da tsauni

A wani tsohon littafin Sinawa mai suna Liezi akwai labarin Yu Gong, wato "wawan tsoho". Ya kusa shekara 90, tsaunuka biyu, Taihang da Wangwu, sun tare masa hanyar fita daga gida. Sai ya tara iyalinsa suka fara haƙa suna kwashe ƙasa da kwanduna. Wani mai ganin kansa da wayo ya yi masa dariya. Tsohon ya nuna masa cewa in ya mutu 'ya'yansa za su ci gaba, bayansu jikoki, shi kuwa tsauni ba ya ƙara girma. Mao Zedong ya yi amfani da labarin a wani jawabinsa na 1945, shi ya sa kusan kowane Basine ya san shi.

Mu Kanawa ba sai mun je Sin neman misali ba. Ganuwar Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen ƙarni na 12, na bayansa suka ɗora, Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 ya faɗaɗa ta. Waɗanda suka kwaɓa ƙasar farko ba su ga ƙarshen aikin ba. Haka nan a ƙauyukanmu, gonar da ta gagari mutum ɗaya gayya ake kira mata. Wannan ita ce "mu" ɗin da na ce za mu dawo kanta. Ni lissafi bai zauna mini ba sai da muka haɗa ƙungiyar mutum huɗu muna bita bayan la'asar, wata ɗaliba a cikinmu ta warware mini cikin kwana biyu abin da na yi wata uku ina jin kunyar tambaya.

Bakwai da takwas

Wadda ta fi shahara cikin na Japanawa ita ce nana korobi ya oki: faɗuwa bakwai, tashi takwas. Ɗalibin lissafi zai ce lissafin bai fita ba, ai wanda ya faɗi sau bakwai sau bakwai zai tashi. Wasu sun ce an haɗa da miƙewar farko ne, kafin a fara faɗuwa. Ko ma dai yaya ne, manufar ita ce tashi ne ke zuwa a ƙarshe. Suna da wata 'yar tsana mai suna daruma, ƙasanta da nauyi, duk yadda ka ture ta sai ta miƙe. Ana sayar da ita ba ƙwayar ido, mutum ya zana ɗaya ranar da ya ƙudurta buri, ya zana ɗayar ranar da ya cika. Mu ba ruwanmu da tsana, amma rubuta buri a inda ido zai riƙa gani dabara ce mai kyau.

Ni dai ba daga waya na fara jin wannan darasin ba. Da na shekara... a'a, wata ɗaya kawai na yi a Kwari, Baba ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kai yaro, ka tuna shekarar da muka shuka gero ruwa ya ɗauke?"

Na ce, "Na tuna, Baba."

"Sau nawa muka shuka?"

"Sau uku."

"To, da na yi fushi a ta farko na rataye fartanya, me kuka ci a shekarar? Gobe ka koma makaranta."

Maganar ke nan. Manomin Garo bai taɓa jin nana korobi ya oki ba, amma kowace damina yana aikata ta. Haka ɗan dambe: yau a kashe shi a fili, gobe makaɗi ya wasa shi ya sake naɗe hannu.

Inda juriya ke zama cuta

Ba zan yi muku adalci ba in na tsaya a nan. Japanawa na da kalmar gaman, wato daurewa ba tare da an ga ciwo a fuskarka ba, kusan irin abin da ake nema ga saurayin Fulani a filin sharo. Tana da kyau, amma ƙasar da ta haifi gaman ita ta haifi karoshi, mutuwa saboda yawan aiki. Abin ya kai ga sun kafa dokar yaƙi da shi a 2014, suka kuma ƙayyade awannin ƙarin aiki daga 2019. A Sin ma akwai tsarin da ake kira 996, aiki daga tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako. A 2021 kotun ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa wa doka, a shekarar ne kuma wasu matasa suka fito da taken tang ping, wato "kwanciya shame-shame", don nuna sun gaji da tseren.

Mu ma muna da namu. Akwai masu kwana aji da kofi da goro har su shiga ɗakin jarrabawa kai na juyawa. Mafi muni, akwai masu haɗiyar tiramadol wai don su jure karatu ko aikin gona. Wannan ba ƙara mai ba ne, zuba wa inji gurɓataccen mai ne, zai yi gudu na ɗan lokaci ya buga gaba ɗaya. Akwai kuma mai fama da rashin kuɗin rajista ko damuwa a zuci, ya yi gum wai shi namiji. Ɗan uwa, ka yi magana. Ka je wurin malamin da ke kula da ajinku, ka zo ofishin ƙungiyar ɗalibai, ka faɗa wa aboki. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi.

Abin da za ka yi daga yau

Ka ɗauko sakamakonka na baya ka dube shi da idon basira, ka gane takamaiman inda ka zame. Ka yanka wa kwas ɗin da ya fi ba ka tsoro awa ɗaya kullum. Ka nemi mutum uku ku yi gayya. Ka canza dabara in ta farko ba ta yi ba. Ka yi barci, ka ci abinci, ka yi sallarka a kan lokaci, ka roƙi Allah bayan ka ɗaure raƙuminka.

Kwas biyun nan na sake zaunawa na ci su, ba da wani maki na a zo a gani ba, amma na wuce. Takardar da na manna a bango tana nan har yau, gefenta na rubuta sabon makin. Duk wanda na haɗu da shi a bakin ɗakin jarrabawa mako mai zuwa ya ji na ce masa "jiya-yo", kada ya tambaye ni abin da ya faru jiya. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya, amin.