Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Mutum Ɗaya Ke Tseren Jirgin Ruwa Cikin Guguwar Teku?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Buza, jihar Tawa. Mun ga wani Bature a talabijin shi kaɗai cikin jirgin ruwa mai ƙyalle, ruwa na tasowa yana lulluɓe shi, aka ce wai tseren zagaya duniya suke yi. Ɗalibaina sun tsare ni da tambayoyi, na rasa abin faɗa musu. A ina ake koyon wannan? Yaya mutum yake barci? In hadari ya taso masa ina zai raɓe? Kuma wannan ba ganganci ba ne?

Amsa: Malam, Allah Ya saka da alheri da ba ka kori tambayar yara ba, duk da cewa daga Buza zuwa bakin teku a Legas akwai kusan kilomita 900 a miƙe.

Bisa yadda ka kwatanta, gasar Vendée Globe kuka gani. Daga garin Les Sables-d'Olonne na Faransa ake tashi, can kuma ake dawowa. An fara ta a 1989, yanzu duk shekara huɗu ake yin ta. Sharuɗɗanta uku ne: mutum ɗaya a jirgi, ba tsayawa a tashar kowace ƙasa, ba karɓar taimakon kowa. Ana gangarawa Tekun Atlantika, a bi ta ƙasan Afirka ta Kudu, a wuce kudancin Ostareliya, a zagayo ƙarshen Kudancin Amurka, sannan a hauro gida, tafiyar kimanin kilomita 45,000. A karon da ya wuce jirage 40 suka tashi ranar 10 ga Nuwamba 2024, kuma Charlie Dalin ya riga kowa isowa ranar 14 ga Janairu 2025, bayan kwana 64 da awa 19. Mutumin da ya fara yin wannan zagaye shi kaɗai ba tsayawa, Robin Knox-Johnston ɗan Ingila, kwana 312 ya yi, daga 1968 zuwa 1969, kuma cikin mutum tara da suka shiga gasar wancan lokaci shi ɗaya ya kammala.

To amma ka fara shaida wa yara cewa babu wanda ke wayar gari ya faɗa wannan. Makarantar abin ita ce ƙananan kulob-kulob na bakin ruwa, inda likita, makaniki da ɗan fansho ke haɗuwa ranar hutu. Akwai irinsu har a yankinmu: kulob ɗin Legas tun 1932 aka kafa shi, akwai kuma na Dakar. A can ake shirya jerin tsere na kaka guda, yau a yi ɗaya, mako mai zuwa a yi wani, har a kai takwas ko goma. Wasu kulob ɗin suna ware rukuni na masu tuƙi su kaɗai, a San Faransisko ta Amurka kuwa ƙungiya guda ce sukutum ta irin waɗannan mutane, kuma tun 1978 take shirya tsere zuwa tsibiran Hawai.

Lissafin makin yana da daɗin koyarwa a aji. Wanda ya zo na ɗaya maki 1 gare shi, na biyu 2, na uku 3, a haka har na ƙarshe. Wanda bai fito ba ko bai kammala ba, a ba shi adadin dukkan jiragen da suka yi rajista a ƙara ɗaya. A ƙarshen kaka ana yafe wa kowa sakamakonsa mafi muni, a tara sauran, mai maki mafi ƙanƙanta shi ne zakara. Da yake jiragen ba girmansu ɗaya ba, kowanne yana da lambar da ake ninka lokacinsa da ita, saboda haka tsohon ƙaramin jirgi yana iya isowa a baya amma lissafi ya ba shi nasara. Ni wannan tsari yana burge ni, domin ba ya fifita mai zafin kai. Wanda ya ci tsere biyu sannan ya karya jirginsa a na uku, ya zauna gyara wata guda, yana ji yana gani mai zuwa na uku ko na huɗu kowane mako zai wuce shi.

A irin wannan tsere, minti biyar kafin tashi ake ɗaga tuta a busa ƙaho. Jirage suna ta kai-komo a bayan layi, kowa na son ya tsallaka daidai lokaci, ba kafinsa ba. Jirgi mai mutum shida yana da mai riƙe sitiyari, mai jan igiya, mai duba agogo, mai lura da sauran jirage. Mai tuƙi shi kaɗai kuwa za ka gan shi ya maƙale sandar tuƙi tsakanin gwiwoyinsa, hannu ɗaya na sakin igiyar hagu, ɗayan na naɗa ta dama a kan na'urar ja, idonsa na kan agogon da ya ɗaure a ginshiƙin jirgi. Tun kafin ya baro tasha ya jera kowace igiya inda hannunsa zai kai ba tare da ya tashi ba, ya sa ruwan sha da abinci a aljihun gefe. Nan yake koyon yin abu ɗaya bayan ɗaya, da fara kowane aiki tun da sauran lokaci. A Faransa, wanda ya goge a nan sai ya haura zuwa Mini Transat, inda ake ƙetare Atlantika da jirgi mai tsawon mita 6.5 kacal, ko gasar Solitaire du Figaro, kafin ya yi mafarkin babban jirgin Vendée mai mita 18.

Batun barci ba shi da tsawo. Ba ya yin barcin dare irin namu. Yakan kwanta minti 20 ko 30, ƙararrawa ta tashe shi, ya leƙa sama, ya dubi na'urori, ya koma. In ya yi nisa da hanyar manyan jiragen dakon kaya kuma iska ta daidaita, ya samu awa ɗaya ko fiye. Yana barci na'urar tuƙi mai sarrafa kanta na riƙe da hanya, wata kuma tana ƙara in wani jirgi ya kusato. Ruwan sha daga teku yake tace shi da injin cire gishiri, abinci kuwa busasshe ne, a zuba masa ruwan zafi a ci.

Yanzu ga hadari, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Ku mutanen kwarin Majiya ba baƙin iska ba ne, ita ce ta sa tun 1975 aka shiga dasa layukan bedi a gonakinku don kare ƙasa da amfanin gona. Masu teku suna auna ƙarfinta da ma'aunin da Francis Beaufort ya tsara a 1805, daga 0 zuwa 12. Mataki na 8 iska ce mai gudun kilomita 62 zuwa 74 a awa, na 10 kuwa 89 zuwa 102. Iskar da ke zuwa gaban ruwan farkon damina, mai yaye rufin kwano, tana iya kaiwa nan, sai dai takan lafa kafin awa guda. A tekun kudu takan kwana ta wuni tana kaɗawa, kuma babu tudun da zai tare ta, sai ta tara raƙuman ruwa masu tsayin mita 10 ko fiye. Waɗannan raƙuman, musamman mai karyewa a kan jirgi daga gefe, su ne abin tsoro fiye da iskar kanta.

Babu wurin raɓewa, don haka jirgin ne mafaka. A ƙarƙashinsa akwai dogon ƙarfe da ya nutsa mita huɗu da rabi, da curin darma mai nauyin kusan tan uku a ƙarshensa. Duk yadda iska ta kwantar da jirgin, wannan nauyi na jawo shi ya miƙe. Aikin mutum na farko shi ne rage ƙyalle. Yana ganin ma'aunin nauyin iska na sauka, girgije na haɗuwa, sai ya sa rigar ruwa, ya ɗaura ɗamara a ƙirji, ya maƙala ƙugiyarta a igiyar da aka shimfiɗa daga gaban jirgi zuwa bayansa. Ya sassauta babban ƙyallen, ya sauke shi kaɗan, ya ɗaure abin da ya sauko, ya sake ɗaga saura ya ɗame. Iska ta ƙaru, ya sake ragewa, har sau uku. Ta ci gaba, ya naɗe na gaba ya ɗaga wani ɗan ƙarami mai kauri, launin ruwan lemo, wanda don guguwa kawai aka ɗinka shi. Kamar dai mai shanya ce da ta hango hadari a gabas: tun kafin ƙurar ta iso take kwashe kayanta, in ta jira sai ta iso to ta makara. Aikin da ke cin minti biyar da rana cikin natsuwa, da dare a jirgin da ya karkata, ruwan sanyi na dukan fuska, yana iya cin rabin awa, ko ya ci rai.

In abin ya fi ƙarfin tuƙi akwai dabaru biyu da aka gada. Ko dai a saita ƙananan ƙyallayen biyu su riƙa jayayya da juna, a ɗaure sitiyari, jirgin ya kusan tsayawa yana fuskantar raƙuman a karkace, mutum ya shiga ciki ya rufe ƙofa. Ko kuma a juya wa iskar baya, a saki doguwar igiya mai jan ruwa daga bayan jirgi don kada ya zarce da gudu ya soka hancinsa cikin raƙumin gaba ya wuntsila. Jiragen Vendée na yanzu suna da gudun da sau da yawa sukan kauce wa tsakiyar guguwar, don suna samun taswirar yanayi ta tauraron ɗan'adam. Amma an hana kowa daga tudu ya zaɓa musu hanya. Mutum shi zai duba, shi zai yanke.

Yawancin waɗannan ƙa'idoji da rayuka aka saye su. A watan Agustan 1979 guguwa ta rutsa da jirage 303 a gasar Fastnet tsakanin Ingila da Ailan, kuma jirage ne masu mutane da yawa, ba na mutum ɗaya ba. 'Yan tsere 15 suka mutu. An gudu an bar jirage 24, amma biyar kaɗai suka salwanta, sauran an same su daga baya suna yawo a kan ruwa, alhali wasu daga cikin waɗanda suka koma kwale-kwalen roba na ceto a can suka halaka. Tun daga nan ake koya wa kowa kada ya bar jirginsa sai ya tabbata nutsewa yake yi. Sai kuma Éric Tabarly, gwarzon Faransa da ya ci tseren ƙetare Atlantika shi kaɗai a 1964. A wani daren Yunin 1998, yana da shekara 66, ana cikin rage ƙyalle sanda ta buge shi ya faɗa ruwa, ba ɗamara ba rigar kariya, aka rasa shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da na fi so yara su ji shi ne dokar farko a littafin dokokin wannan wasa, wadda ta wajabta wa kowane ɗan tsere ya taimaki duk wanda ke cikin haɗari. A Disambar 1996, a gasar Vendée, jirgin Raphaël Dinelli ya kife a kudancin Ostareliya. Pete Goss, ɗan Ingila, ya juya ya yi kusan kilomita 300 yana fuskantar guguwar da ta kifar da abokin karawarsa, har kwana biyu, ya tsamo shi da rai. A ranar 30 ga Nuwamba 2020 jirgin Kevin Escoffier ya karye gida biyu, ya shafe kimanin awa 11 a kwale-kwalen roba kafin Jean Le Cam, dattijo mai shekara 61, ya gano shi cikin dare. Alƙalai sukan mayar wa mai ceto lokacin da ya ɓata. A waccan gasar ta Vendée, Dalin ne ya fara isowa, amma Yannick Bestaven, wanda shi ma ya karkata don neman Escoffier, aka rage masa awa 10 da minti 15, ya zama zakara. Ga 'yan matan ajinka kuma, Kirsten Neuschäfer 'yar Afirka ta Kudu ta ceci Tapio Lehtinen a Tekun Indiya a Nuwambar 2022, ta ci gaba da tafiya, ta lashe wata gasar daban mai suna Golden Globe a Afrilun 2023. Ita ce mace ta farko da ta ci tseren zagaya duniya na mutum ɗaya.

Ko ganganci ne? Haɗarin gaskiya ne, don Gerry Roufs ɗan Kanada ya ɓace a gasar Vendée a Janairun 1997. Amma ni ba zan kira mutumin da ya yi shekaru yana horo, aka binciki jirginsa, aka tilasta masa koyon ceton kai da ɗinke rauni kafin a bar shi ya tashi, mai ganganci ba. Gangancin da ke damuna yana kusa da mu. A ƙarshen Nuwambar 2021 kwale-kwalen da aka cika maƙil ya kife a Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, a ruwan madatsa, ba teku ba. Yaranka za su hau kwale-kwale wata rana, ko a tafkin Tabalak, ko a Gaya, ko a kogin Kwara in sun tafi ci-rani. Ka koya musu su ƙirga mutanen da ke ciki kafin su shiga, su nemi rigar kariya, kuma su ƙi hawa in hadari ya haɗu a gabas.

Gasar Vendée Globe ta gaba a ƙarshen 2028 za a yi ta, kuma masu shirya ta suna nuna inda kowane jirgi yake a intanet kyauta. Ka rataya taswirar duniya a aji, kowane yaro ya zaɓi jirgi ɗaya, ku riƙa matsar da alama kowace safiya har su dawo.