Darasi na Bakwai: Injiniyan Sanyaya da Ɗumama Wuri Bayan Kammala Karatu

7.0 Gabatarwa

A wannan darasi za a duba yadda ɗalibin da ya kammala karatun injiniya yake shiga sana'ar sanyaya wuri da ɗumama shi. Kafin nan, yana da kyau a lura da kalmomin biyu. Daga sunayen "sanyi" da "ɗumi" aka samo aikatan "sanyaya" da "ɗumama", ta hanyar maimaita baƙin ƙarshe, kamar yadda "zafi" ya ba da "zafafa". Ke nan harshe ya daɗe da tanadar wa sana'ar suna, aron da aka yi na kayan aiki ne, irin su firji da esi da kwampireso.

7.1 Tushen Ilimin

Na'ura ba ta ƙera sanyi. Abin da take yi shi ne kwashe zafi daga inda ba a son sa ta kai shi waje. Kwampireso yakan matse gas har ya yi zafi, zafin ya fita ta bututun waje, gas ɗin ya zama ruwa-ruwa. Da ya ratsa siririn bututu matsi ya ragu, sai ya sake zama tururi yana zuƙe zafin ɗaki. Shi ya sa bayan firji yake da ɗumi. Randa ma da wannan ƙa'ida take aiki, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana tafiya da zafi idan ya bushe. A kanta ne Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya ɗora dabararsa ta sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

7.2 Daga Aji Zuwa Bakin Aiki

Wanda ya fito daga jami'a ko kwalejin fasaha ya iya lissafin zafin da gini ke tarawa: faɗin ɗaki, da irin rufinsa, da tagogin da ke kallon yamma, da yawan mutanen da za su zauna. Wannan lissafi shi ne jarinsa. Amma fa sau da yawa hannunsa bai taɓa yin waldar bututun jan ƙarfe ba, bai kuma taɓa neman inda gas ke yoyo da ruwan sabulu ba. Waɗannan suna wurin masu gyaran firji na bakin titi, waɗanda yawancinsu ba su da takardar shaida. A ganinmu, shekarar bautar ƙasa da wadda ke biye da ita ba su da wurin da ya fi dacewa da su kamar kamfanin da ke girka na'urori ko rumfar ƙwararren mai gyara. Girman kai a nan hasara ne.

Sai kuma batun magana da mai kaya. Zai zo ya ce "gas ya ƙare", alhali gas ba ya ƙarewa kamar kananzir a fitila, zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu. Idan ya ragu, to akwai huda. Mai gyaran da ya ƙara gas bai toshe hudar ba ya ci kuɗin mutum, kuma bayan wata biyu za a dawo masa da kaya. Injiniyan da zai iya bayyana wannan da Hausa mai sauƙi ya sami amanar da talla ba ta sayo ta.

Amanar kuwa tana da nauyi. Yawancin alluran riga-kafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyos, kuma a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Firjin asibiti ya tsaya kwana guda, magani na iya lalacewa ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Haka ɗakunan ajiyar kifi da nama. Tun da wutar lantarki ba ta tsayawa, ƙarancin ƙarfinta kuma yana ƙona kwampireso, dole sabon injiniya ya san janareto da sola. Ɓangaren ɗumamawa bai kai wannan faɗi ba a ƙasar Hausa, sai a injin ƙyanƙyasar ƙwai da tukunyar tururi ta masana'antu.

Ta fuskar doka, mutum ba ya amsa sunan injiniya mai rajista a Nijeriya sai hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ta yi masa rajista bayan ya yi shekaru yana aiki. Gas ɗin kansa yana sauyawa. Yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987 ta sa aka daina amfani da tsofaffin nau'o'in da ke cinye lemar ozon ta sararin samaniya, gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 kuma ya nufi rage masu ɗumama duniya. Nau'in R-600a da ke cikin firjin gida da yawa a yau yana kama wuta, don haka wanda ya kusance shi da wutar walda kamar yadda aka saba da tsohon gas yana wasa da ransa.

7.3 Aiki

Ziyarci rumfar mai gyaran firji, ka tattaro kalmomi goma da yake amfani da su, sannan ka rarrabe na aro da na asali, ka nuna sauyin sautin da kowace kalmar aro ta samu.